Tsohon da ya koya min ƙirga numfashi a gidan yarin Indiya

Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma sai in fara in goge, don a wajenmu kace ka taɓa zaman gidan yari ma magana ce babba, balle ka ƙara da cewa wani mabiyin addinin Buddha ne ya koya maka abin da ya riƙe ka a ciki. Tun farko dai in faɗa, ni musulmi ne, da musuluncina na shiga da shi na fito, ko sallah ɗaya ban bari ba saboda wannan abin. Amma abin ya faru kuma ya amfane ni, inaga ɓoye shi rashin adalci ne ga mutumin da ya taimake ni.

A 2015 na tafi Indiya karatu, jihar Maharashtra. Bizata ta kusa ƙarewa a 2017 ga kuma kuɗin makaranta da ban gama biya ba, ba takardar makaranta kuma ba sabunta biza, sai wani ɗan ƙasarmu da ya riga ni zuwa yace yana da hanya, in ba shi fasfo da rufi dubu 40, kuɗin Indiya, zai kawo min da hatimin biza. Na ba shi. Ya kawo fasfon da hatimi a ciki kamar yadda yace, na yi wata biyar ina yawo da shi hankalina kwance, ranar da aka zo binciken baƙi a unguwarmu aka duba sai ga shi hatimin na bogi ne. Daga ofishin ƴan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yari. Shi kuwa mutumin wayarsa a kashe tun daga ranar.

Babban ɗaki ne suke ce masa barak, mun fi ƙarfin wajen sosai, kowa da ɗan bargonsa a ƙasa, in ka juya sai ka taɓa na kusa da kai. Kusan dukkanmu masu jiran shari'a ne, kuma haka abin yake a ƙasar gaba ɗaya, fiye da kashi biyu cikin uku na fursunonin Indiya ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke. Kalmar da za ka fi ji a bakin kowa ita ce tarik, wato ranar kotu, yau tarik ɗin wane, an ɗage tarik ɗin wane. Beli kuma ga baƙo sai da ɗan ƙasa da zai tsaya maka, ni wa na sani da zai tsaya min? Safe da yamma gandirobobi su zo mu tsuguna layi layi a ƙirga mu, a kawo gurasarsu roti da miyar wake da suke ce wa dal, a rufe.

Sati ukun farko wallahi ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai fuskar mutumin nan, ina ta shirya abin da zan masa in na fita, inda zan same shi, abin da zan faɗa wa danginsa, in gama in sake daga farko kamar kaset. Ko a sallah haka, in tayar da kabbara sai in tsinci kaina a tahiya ban san me na karanta ba. Har faɗa na yi da wani yaro akan layin famfo, abin da bai kai ya kawo ba, na shaƙe shi sai da aka ɓamɓare ni.

Akwai wani tsoho da shimfiɗarsa ke kusa da tawa, kowa Kaka yake ce masa. Abin ya ban mamaki da farko, ashe a yarensu na Marati kaka shi ne baffa, ƙanin uba, ni kuma da na faɗa masa abin da kaka ke nufi a Hausa yayi ta murna yace to duka biyun ya karɓa. Direban keke napep ne kafin a kama shi, irin dai wanda muke hawa a Kano. Kullum da asuba in na idar da sallah zan gan shi zaune ya tanƙwashe ƙafa, baya a miƙe, ido a rufe, baya motsi har wajen minti arba'in, ga hayaniya ga tari ga masu zagi a layin banɗaki amma shi kamar ba a ɗakin yake ba. Daren ranar da nayi faɗan nan ne ya matso yace min, da ɗan turancinsa haɗe da Hindi, beta, wato ɗana, kibiya nawa ce a jikinka? Ban gane ba. Yace Buddha ya koyar cewa in masifa ta sami mutum kamar an harbe shi da kibiya ɗaya ce, wannan ba yadda zai yi, amma yawancin mutane sai su ɗauki ta biyu su caka wa kansu a daidai wajen, wato tunanin abin da ƙunar rai akansa dare da rana. Yace wanda ya cuce ka sau ɗaya ya harbe ka, sauran harbin na sati ukun nan waye yake yi?

Raina ya ɓaci da maganar, gaskiya, na juya masa baya. Amma na kwana da ita.

Daga baya na san tarihinsa. Su ƴan ƙabilar Mahar ne, cikin waɗanda tsarin Hindu na raba mutane aji-aji ya ajiye a can ƙasa, waɗanda a da ko rijiya ɗaya ba a yarda su sha da sauran mutane ba. Babansa yana saurayi ya je Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956, ranar da Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya kuma shi ma Mahar ne, ya karɓi addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mutanensa a fili ɗaya. Ambedkar bai kai sati takwas ba bayan nan ya rasu, 6 ga Disamba. Shi ya sa in ƴan uwansa suka haɗu gaisuwarsu Jai Bhim, daga sunan Ambedkar ɗin, Bhimrao. Don haka shi Kaka addinin nan a wajensa maganar mutunci ce kafin komai, yace babansa ya sha faɗa musu a ranar ne ya fara jin shi ma mutum ne. Zaman da yake yi kuma a ɗan wajen ibadarsu na unguwa ya koya, wihara suke ce masa.

Da na ce ya koya min, sai da na gindaya masa sharaɗi. Nace Kaka ni ba zan rusuna wa gunki ko hoto ba, ba zan maimaita wasu kalmomi da ban san ma'anarsu ba, kuma lokacin sallah in yayi zan tashi. Yace numfashin naka ne ko na Buddha? Nace nawa ne. Yace to shi kaɗai za mu kalla.

Ga yadda abin yake, mataki huɗu ne. Ka zauna ka miƙe baya ba tare da ka ƙame ba, hannu a cinya, ka rufe ido, kada ka ja numfashi da ƙarfi kada ka gyara shi, ka bar shi yadda yake zuwa. Matakin farko in ka shaƙa ka fitar sai kace ɗaya a zuci, ka shaƙa ka fitar biyu, har goma, ka koma ɗaya. In tunani ya ɗauke ka ka manta inda kake, ba faɗa ba zagin kai, ka koma ɗaya kawai. Mataki na biyu ƙirgan ne dai amma kafin ka shaƙa kake yi, kamar kana taryar numfashin. Na uku ka ajiye ƙirga ka bi numfashin kawai yana shiga yana fita. Na huɗu ka tattara hankalinka a ɗan wajen nan da iska ke fara taɓawa, bakin hanci ko saman leɓe.

Da ya gama bayani nace a raina wannan ai ba wani abu bane. Ranar farko ban wuce uku ba. Ɗaya, biyu, uku, sai ga ni a gaban alƙali ina bayani, ko a Kano ina kallon fuskar Babanmu, ko ina riƙe da wuyan rigar mutumin nan, sai can in farga minti nawa sun wuce. Na faɗa wa Kaka abin baya yi min, yace sau nawa ka farga ka dawo? Nace ya fi ashirin. Yace to sau ashirin ka yi aikin kenan, dawowar ita ce aikin, ba kaiwa goma ba. Wannan maganar ce ta sa ban bari ba. Mun fara da minti goma bayan asuba, ba agogo, shi yake ɗan taɓa gwiwata in lokacin canza mataki yayi. Sai da nayi kusan sati biyu kafin na kai goma sau ɗaya ba tare da na ɓata ba, wata guda kafin ya bar ni na shiga mataki na uku, ƙafata kuwa ta yi ta sagewa, ga sauro, ga kuɗin cizo.

Maganar kuɗin cizo ma, Kaka baya kashe su. Cikin ƙa'idoji biyar da suke riƙewa ta farko ita ce kada ka kashe mai rai, sai kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Sai ya kama ƙwaron a hankali ya kai shi bakin taga. Wannan kam ban bi shi ba, ni murje su nake, kuma bai taɓa ce min komai ba. Sauran huɗun kuwa nace masa ai duk muna da su a musulunci, yace ya sani, tambayar ita ce yau da safe ka riƙe su ko ba ka riƙe ba.

Ta huɗun, wato ta ƙarya, ita ce ta kama ni. Yace kafin magana ta fita ka duba, gaskiya ce, tana da amfani, lokacinta ne? Sai na ga ashe labarin da nake ba kowa a barak, har da kaina, rabi ne. Kullum cewa nake an cuce ni, kuma an cuce ni ɗin, amma ranar da na miƙa fasfo na san ba ofis za a kai shi ba, na san hanyar bayan gida ce, kuma wata da watanni ina ce wa gida komai lafiya alhali kuɗin makarantar na taɓa shi. Na sa aka ba ni takarda na rubuta wa Babanmu duka, ban rage komai ba, na ba lauya ya tura wa yayana hotonta. Rubutun nan ya fi min zaman barak wuya. Amma daga ranar nauyin ƙirjina ya ragu, don fushin da nake yi da mutumin nan ashe wani kaso nawa ne na ɗora masa.

Ba kowa ya ji daɗin zamana da Kaka ba. Muna da jam'inmu na musulmi a kusurwar barak, wani daga ciki ya same ni yace me nake nema wajen kafiri, zikiri bai ishe ni ba? Ban ji haushinsa ba don tsoron da yake ji min gaskiya ne, nima na yi wa kaina tambayar. Abin da na faɗa masa shi ne zikirin nake yi amma bakina ne kawai ke yi, hankalina yana wani waje, kuma tunda na fara wannan zaman na fara jin abin da nake karantawa a sallah. Dattijon da ke mana limanci yace in dai ba bauta a ciki, ba kiran wani ba Allah ba, to in kula da iyakata kawai. Na riƙe wannan. Azumin 2018 ya faɗo tsakiyar Mayu, zafin da ake yi kafin damina ta sauka a can ba a magana, kuma Kaka ne ke tashina sahur in barci ya ɗauke ni.

Akwai inda na tsaya kuma. Kaka ya taɓa yin kwas ɗin kwana goma da ake kira Vipassana, na tsarin S. N. Goenka, wani ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya haifaffen Bama da ya koya a wajen malaminsa U Ba Khin ya dawo da shi Indiya a 1969. Babbar cibiyarsu tana Igatpuri a nan cikin Maharashtra, kuma sun daɗe suna shiga gidajen yari, tun 1975 a Jaipur, sannan a 1994 lokacin da Kiran Bedi ke shugabantar gidan yarin Tihar na Delhi aka yi wa fursunoni wajen dubu kwas ɗin a lokaci ɗaya. Ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, zama wajen awa goma a rana, ba magana da kowa har kwana tara, kuma kyauta ne. Yadda yake ba da labarin sai da na ji sha'awa. Amma da ya faɗa min cikin dokokin akwai ajiye duk wata ibada da addu'a na tsawon kwanakin, nace to ni nan na tsaya, ba abin da zai sa in ajiye sallah kwana goma. Bai matsa min ba ko kaɗan.

Abu na biyu da ya koya min shi ne mai wuyar, metta, wato nufin alheri. Shi mataki biyar ne. Ka fara da kanka, kana yi wa kanka fatan lafiya da kwanciyar hankali da kuɓuta daga wahala. Sai ka kawo wani aboki da kake ƙauna a ranka ka yi masa irin wannan fatan. Sai wanda ba ruwanka da shi, ba so ba ƙi, ni mai raba mana shayi na ɗauka, mutumin da kullum nake miƙa wa kofi ban taɓa kallon fuskarsa ba. Na huɗu wanda kake ƙi. Na biyar ka haɗa duka huɗun ka faɗaɗa, ƴan barak, gandirobobi, garin, har duk mai rai. Nace masa ni in zan yi fata ga Allah nake roƙo, don haka da lafazina zan yi, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya yaye masa. Yace kalmomin naka ne, shi zuciyar yake so ta motsa.

Mataki na huɗu kam wata biyu ina tsallake shi. Kaka yace kada in fara da babban, in fara da yaron da muka yi faɗa a famfo, na fara da shi, ba wuya sosai, har muka dawo muna gaisawa. Ranar da na kawo mutumin nan a raina kuwa, jikina ne ya fara amsawa kafin tunani, wuyana ya ɗau zafi, haƙorana suka cije, cikina ya ƙulle, numfashin ya koma gajere. Kaka ya riga ya ce min in haka ta faru kada in bi labarin, in kalli zafin kawai, ina yake, yaya girmansa, yana ƙaruwa ko raguwa. Suna da kalma, anicca, wai komai mai canzawa ne baya tsayawa. Na zauna ina kallo, kuma wallahi zafin nan da nake zaton dutse ne ashe tashi yake yana sauka, bai fi ƴan mintuna ba ya lafa, sai in na sake kunna labarin yake dawowa. Ban iya yi masa addu'a ranar ba. Sai bayan kwanaki da yawa na iya cewa Allah ya shirye shi, kuma na ji da gaske nake, na tuna shi ma ɗalibi ne da ya maƙale a ƙasar mutane, yana da uwa a gida.

Na tambayi Kaka to yanzu na yafe kuɗina kenan? Yace a'a, bashinka bashinka ne, in ka gan shi ka karɓa, abin da ka ajiye shi ne garwashin da kake riƙe da shi a hannu kana jiran ranar da za ka jefe shi.

Wata goma sha huɗu nayi. Ƙarshe na amsa laifi, alƙali ya lissafa zaman da nayi a matsayin hukunci ya ƙara tara, sai jiran takardar tafiya da tikiti wanda ƴan uwa suka haɗa. Ranar da zan bar barak Kaka ya riƙe hannuna biyu yace beta, a nan zama yana da sauƙi don ba inda za ka, a waje ne za ka san ko ka koya. Na bar shi yana jiran tarik ɗinsa. Farkon 2019 na sauka Kano ta Addis Ababa.

Kuma gaskiya ya faɗa. Watannin farko na watsar da abin gaba ɗaya, ga ƴan sannu da zuwa, ga masu tambayar ina digirin, ga kunyar haɗa ido da Hajiyarmu. Sai da na ga barcin ya fara gudu kuma na fara ɗaga wa ƙannena murya akan abin banza sannan na koma. Yanzu ina shagon yayana na waya a Farm Centre, bayan asuba da azkar ina ƙara minti sha biyar a kan darduma kafin gida ya tashi, wani lokacin in yi sati ban yi ba in dawo. Inda na fi ganin amfaninsa a shago ne. Kwastoma zai dawo da wayar da ya jefa a ruwa yace mun sayar masa da jabu, yana ɗaga murya mutane na taruwa, sai in ji wuyan nan ya fara zafi, na san shi yanzu, in shaƙa in fitar sau uku kafin in buɗe baki, a cikin ukun nan nake zaɓar abin da zan faɗa. Ba kullum nake cin nasara ba, akwai ranar da na zagi wani mai keke a gosulo sai da na isa shago na farga. A gosulon ma yanzu ƙirga nake maimakon danna hon.

Bara ina duba Facebook da dare sai ga hoton mutumin nan, an taya shi murnar aure, yana sanye da babbar riga yana dariya. Na shiga akwatin saƙonsa na rubuta abin da ya kai layi talatin, duk abin da na shirya a sati ukun farkon nan ya dawo kalma kalma, hannuna har rawa yake. Ban tura ba tukun, na kife wayar na zauna a bakin gado na ƙirga, na ɓata a huɗu na koma ɗaya, na sake ɓatawa na sake komawa, har na kai goma. Sannan na goge duka na rubuta masa layi uku, sallama, sunana, da cewa ina bin sa rufi dubu 40 ga lambar asusuna. Ya karanta a daren, alamar ta nuna. Har yau bai amsa ba, ni kuma duk farkon wata ina sake tura masa layi ukun nan.